Daga Bayan Tagulla

—kuma har yanzu tana ce mini babu kuskure. Ko ɗaya. Sau nawa ke nan tun safe nake sa manhajar ta bincika zanen allon wutar nan, ta yi jim kamar mai tunani, sannan ta fito da koren rubutunta: komai daidai. To wannan ƙaurin da ya cika shagon, Maestro, malamina, daga ina yake? Aisi, 'yar ƙwaƙwalwar da ake dasawa a allon, na uku ke nan ya ƙone a hannuna. Saura ɗaya a cikin gwangwanin alewarka, baƙi, ƙafafunsa jere biyu, yana jiran nasa rabon.

Da ja ta nuna mini, da na samu sauƙi. Kai ka ce jan rubutu aboki ne, domin yana nuna wa mutum ƙofa. Ba ka taɓa faɗa mini abin da ake yi da kore ba.

A sake daga farko. A natse, Eliseo. Fara daga inda wuta ta shigo, ka bi ta kamar mai bin sawun akuya — haka kake cewa, kana nuna ni da tsinken haƙori. Na bi. Mita ta ce wuta ta shigo lafiya. Duba ma'auni, ko inci ne ko milimita, domin kamfanin buga allo ba ya tambaya, abin da ka aika shi zai dawo maka da shi... milimita ne. Na duba, na sake dubawa. Kashe launukan zanen ɗaya bayan ɗaya, ka bar hanyoyin tagulla su kaɗai, ko biyu sun taɓa juna a ɓoye. Ba su taɓa ba. Tsaf suke, kamar layin 'yan makaranta.

Injin tortiya, wainar masarar da Doña Eduviges ke sayarwa, wanda allon nan zai tayar, yana can a tsaye, an lulluɓe shi da zanen teburi kamar gawa. Ita da surukanta suna taɓa ƙullu da hannu tun asuba, layin masu saye yana raguwa, rabin unguwa ta koma babban kanti. Ita ta riƙe ni a coci ranar baftisma. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, ɗana, ka ci abinci kuwa?

Buga zanen a takarda daidai girmansa, ka ɗora kayan a kai, ka ga ko ƙafa ta hau rami. Na buga. Kowace ƙafa ta hau raminta. To me ya rage? Kashe kwamfutar, ka sha ruwa, ka kunna. Na sha ruwan har cikina yana ƙara.

Motar masu tallar gas ta wuce da waƙarta. Chava mai walda ya leƙo ɗazu, ya shaƙi iska, ya ce Injiniya, yau ma gashi ake? A sa masa biyu da albasa. Na yi dariya domin ya tafi. Injiniya... ni da na tsaya a sakandare, na zo nan share ƙasa, ka ga ina kallon hannunka ka ce in jawo kujera.

Griselda ba muguwa ba ce, Maestro, kada ka ji na ce haka a kan 'yarka. Ita ke juya ka, ita ke ba ka miya da cokali tun da ɓarin jikinka ya shanye. A bakin ƙofar nan ta tsaya, makulli a tafinta, ta kira ni da sunan gida. "Cheo, ba ƙin ka nake yi ba. In injin Doña ya tashi ranar Asabar, shago naka ne ka riƙe. In bai tashi ba, mai sayar da rigunan waya yana jiran shagon." Yau Asabar. Inuwar bishiyar lemo ta riga ta tsallaka titi.

Ranar Lahadi na kai maka zanen gida, can Tonalá. Ka dube shi, ka dube ni. Bakinka ya motsa, magana ba ta fito ba, yawu ya fito, na goge maka da hannun rigata... na ce maka komai yana tafiya daidai. Kore ne, Maestro. Me kuma zan ce?

Ban ƙirƙiri komai ba. Abin da ke cin raina ke nan. Ƙananan kayan, daga ma'ajiyar manhajar na ɗauko siffofinsu. Aisin kuwa, da na ga akwai wanda ka zana da hannunka, a ma'ajiyarka mai sunanka, NABOR, sai na ce wa ya fi ka? Naka na ɗauka. Domin girmamawa. Domin in ji kamar hannunka yana cikin aikin.

Hannunka... ba a kwamfuta ka koya ba, ai. Ka sha ba ni labari: alƙalami da jan farcen matarka, kai tsaye a kan tagulla, sannan a tsoma a ruwan guba a tsohon kwanon wanki. Ko da kwamfuta ta zo, ba ka taɓa aika wa kamfani ba. A nan kake haɗa naka, ka ɗaga shi a taga, ka juya masa baya, ka kanne ido ɗaya. Na tambaye ka dalili, ka ce kowa fuska yake kallo, ni daga baya nake ganin aiki. Na ɗauka wasa ne irin naka.

Daga baya.

Bari in ɗaga allon... in juya shi a hasken taga. Ƙafa ta ɗaya, wadda nake nema a hagu — ga ta. Tana inda ya kamata, in dai daga nan ake kallo. Daga baya ka zana aisin, ni kuwa ta fuska na dasa shi. Dama ta zama hagu. Wutar da ya kamata ta shiga ta baki, ta ƙeya nake ɗura masa tun safe. Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Abin da ka faɗa mata ta riƙe, ni kuma ban san da wane ido ka faɗa ba.

To a bayan allon zan dasa shi ke nan, a kife? Zai shiga akwatin injin a haka? Sauran fa — makunnin nan, da mahaɗar waya, su ma daga ma'ajiyarka na ɗauko, ko daga tata? Na gauraya su. Ban rubuta ba. Wanne ne naka, Maestro, wanne ne ke kallona ta fuska, wanne ta baya?

Ƙarfen dalma ya yi zafi. Aisi ɗaya. Kuma wancan takun da ke tahowa, mai ƙarar makullai, na san shi — na Griselda ne.