Jar Rigar Papa Essomba

Shekara talatin da ɗaya Papa Essomba ya yi yana saka ɓeraye a baho, a wani ɗakin gwaji da ke Yawunde. A cika baho da ruwa, a kaɗa madarar gari har ya yi fari fat, a ɓoye ɗan dandamali a ciki. Ɓeran da bai manta ba zai dubi alamun da aka manna a bango, ya tuna inda dandamalin yake, ya yi iyo ya haye. Papa kuwa kullum yana bakin taga cikin jar rigar sanyinsa, agogo a hannu.

Ranar da ya yi ritaya aka kafa kyamara a saman bahon. Wai ta fi shi ido. Ya yi dariya tare da kowa, amma abin ya ci masa rai. Ashe duk shekarun nan ba a bakin komai yake ba?

Kwana uku yana gida, kewar warin dusa da kejin ɓeraye ta hana shi sakat. Sai Dakta Ngono ta kira, wadda shi ya koya mata riƙon ɓera tun tana ɗaliba mai ihu, yanzu ita ce shugabar ɗakin.

"Papa, 'ya'yanka sun haukace! Waɗanda ka horar makon jiya sai zagaye suke kamar mashaya."

"Kin taɓa bango ne, 'yata?"

"Ko ƙusa ban cire ba. Don Allah ka zo."

Ya je, sanye da jar rigarsa. Ƙafafunsa da kansu suka kai shi bakin taga. Ta saki ɓera, ya ɗaga hanci, ya miƙe sak ya haye dandamali. Ngono ta juyo ta dubi Papa.

"Papa, ɗan fita waje."

Ya fita, yana leƙe ta ƙofa. Ɓera na biyu da ta saki ya yi ta bulayi har sai da aka tsamo shi.

Ta dafe kai, tana dariya tana hawaye. "Ba bangon suke kallo ba, tsoho. Kai suke kallo! Ka ɓata mini aikin wata guda."

"Yi haƙuri," in ji shi, amma wallahi rabonsa da jin daɗi irin wannan ya manta.

Ya tuɓe jar rigar, ya rataye ta a ƙusar bakin taga.

"Ana ruwa fa, Papa, sanyi zai kama ka."

"Bar musu ita," ya ce. "Ni na san hanyar gida."