Dardumar Ƙarƙashin Taga

Ni ce na fara lura, domin a gidanmu ni kaɗai ke tafiya ina kallon ƙasa. Duk dardumar da Goggo ta ɗinka ƙaramarta don gidan 'yar tsanata, babbar ba ta daɗewa a gidan.

Goggo yayar Baba ce, mai ɗinkin hannu, tare muke zaune tun da mijinta ya rasu. Gidan 'yar tsanan kuwa Baba ne ya ƙera mini da ragowar katakon shagonsa tun ina ƙarama, ya yi shi sak gidanmu: falo, ɗakin Mama, ɗakinmu ni da Yaya, har da tagar nan da ba ta rufuwa sosai. Ya daɗe a saman durowa ba mai waiwayarsa. Ranar nan kawai Goggo ta sauko da shi ta goge, ta ce ƙasansa tsirara yake, za ta yi masa shimfiɗa.

Da kafet ɗin falo ta fara. Ta ɗaure wani yadi mai ƙananan ramuka a jikin wani firam na katako da bai fi tafin hannuna ba. Zaren ulu ya yi wa aikin kauri, sai ta warware shi ta zare sili ɗaya, ta lasa bakinsa ta zura a allura. Ba ta ɗinka komai da ka. Takan durƙusa a kan babban kafet ɗin, ta bi zanen fure da yatsa tana motsa baki, ta koma kujera ta yi 'yan ɗinki kaɗan, ta sake durƙusawa. Da ta gama ta taje zaruruwan bakinsa da tsohon buroshi, ta ɗora tsumma mai danshi ta goge shi har ya kwanta lif. Kowa ya yaba. Ni ma na yaba.

Na dawo daga makaranta washegari na tarar da falo fayau, sai siminti.

"Mama, ina kafet?"

"An kai wanki."

Bai dawo ba. Goggo ta koma kan shuɗiyar dardumar ɗakin Mama. Ita ma ranar da ƙaramarta ta shiga gidan 'yar tsana, babbar ta tafi wankin da ba a dawowa. Sai aka sauke labulayen falo masu kauri, aka rataya wasu shara-shara. Kuma idan na shigo ɗaki Mama da Goggo suna magana, sai zancen ya koma kan gishiri ko sabulu.

Ina karanta littattafan masu binciken laifi, na san ba a raina ƙaramin abu. Na haɗa wannan da wancan, lissafin ya fita: tashi za mu yi. Ana kwashe kaya da kaɗan-kaɗan ne don kada in gane, saboda an san ni da kuka. Gidan 'yar tsanan shi ne abin rarrashin da za a miƙo mini a mota.

Na tare Yaya tana guga.

"Yaya, don Allah ki gaya mini gaskiya. Ina za mu koma?"

"Wa ya ce miki za mu koma wani wuri?"

"To ina kafet?"

"Tabarau," ta kira ni da sunan tsokana, "ke dai kin shiga uku da littattafan nan. Kafet ya gaji da takunki ne ya yi aure." Ta yi dariya, amma ba ta kalle ni ba, kuma ta maimaita guga a hannun rigar da ta riga ta goge. Wannan ma na ajiye shi a raina.

Darduma ɗaya ta rage a gidan, tawa. Ja ce mai duhu, tana ƙarƙashin tagar ɗakinmu. Ta Kaka ce. A kanta ta koya mini haɗa baƙi kafin ta rasu, kuma a kanta nake kwanciya rub da ciki in yi karatu, haɓata a kan gashinta. A wata kusurwa akwai tabon tawada da kowa ya san tarihinsa, Kaka ce ta zauna a kan birona. Idan na kifa hancina sosai har yanzu ina jin kamar ƙamshin man da take shafawa, ko da yake sau da yawa tari ne ke biyo baya.

Wata ranar hutu da hantsi na shigo na ga Goggo a tsugune a kanta da tef ɗin awo a wuya, ga jan zare a cinyarta.

"Goggo, me kike yi?"

"Malama, ba sallama? Gwiwata nake motsawa, likita ya ce in riƙa tsugunawa."

"Da tef?"

"To da me ake auna tsugunno?"

Na gane an zo kan tawa. Ni ban iya rigima ba. Amma na riga na san sirrin aikinta: abin da ba ta gani ba, ba ta iya ɗinkawa. Idan kuma ƙaramar ba ta kammala ba, babbar ba za ta fita ba.

Tana fita na kwaso littattafaina kaf, na makaranta da na labari da tsofaffin mujallun Baba na ƙarƙashin gado, na jere su a kan dardumar har suka rufe tauraron da ke tsakiya. Na zauna a kan ragowar wurin.

Goggo ta iya ɗinka gefe-gefen, domin shi ta riga ta haddace. Da ta zo tsakiya sai ta tsaya. Takan leƙo da firam a hannu.

"Malama, ɗan matsar mini da wancan mai kaurin."

"Ina amfani da shi, Goggo."

"Duka? Ido nawa gare ki?"

"Jarrabawa ce."

"Allah ya ba da sa'a. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin jarrabawar da ake yi da mujallar kafintoci ba."

Haka muka yi ta yi. Idan zan tafi makaranta sai in ɗora gashin kaina ɗaya a tsakanin littattafai biyu, in dawo in duba ko an taɓa. Ranar da na tarar babu gashin, na kuma ga rabin tauraro ya fito a firam ɗin Goggo, raina ya ɓaci. Na shiga ɗaki na hau sauke littattafan ina sake jera su da ƙarfi, ina buga su a ƙasa. Ƙura ta tashi a hasken taga. Tari ya sarƙe ni, irin wanda ƙirji ke yin fito, na nemi iska na rasa.

Mama ce ta shigo a guje da abin shaƙata. Goggo ta riƙe ni ta baya tana shafa mini ƙirji, ta ja ni tsakar ɗaki, nesa da taga. Da numfashina ya dawo, abin da na fara cewa shi ne, "Ni ba zan koma ko'ina ba."

Mama ta dubi Goggo. "Koma ina?"

"Sabon gidan. Na sani. Kun kwashe kafet, kun kwashe labule."

Goggo ta saki baki, sannan ta yi dariya har da share ido da gefen ɗankwali. Mama ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gado.

"Kin tuna ranar asibiti, da likita ta ce ki jira a waje?"

Na tuna. Na ɗauka maganar manya ce.

"Cewa ta yi asmarki ba za ta lafa ba muddin akwai abin da ke riƙe ƙura a gidan. Kafet, labule mai kauri, duk abin da ke da gashi. Ta ce musamman wanda kike kwanciya a kai."

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Ranar da aka ce ki daina ɗaukar kyanwar maƙwabta, kukan da kika yi ne ya kai mu asibitin."

"Ni na ce a bari," in ji Goggo. "Na ce kada a ɗauke wa yarinya dardumar uwata a bar ta hannu wofi. Na fara da na wasu ne don ki ga ba ke kaɗai aka yi wa ba. Ashe ɗan sanda muke da shi a gida."

Na kalli dardumar. Ina so in ce ƙarya ne, amma ƙirjina bai gama fito ba.

"Ina za a kai ta?"

"Shagon babanki," in ji Mama, "a naɗe cikin leda, a saman kantarsa. Sauran ma suna can. Ba wanda ya yar da komai."

Sannan na rufe hancina da hijabi, na fara kwashe littattafan da kaina. Yaya ta shigo ta taya ni, ba ta ko tsokane ni ba. Da tauraron ya bayyana na karɓi firam ɗin na duba kusurwa.

"Goggo, ba ki sa tabon ba."

"Tabo kuma? Ni ina gyara miki abu."

"Idan babu tabon ba ita ba ce."

Ta tsura mini ido. Ta zaro shuɗin sili, ta lasa, ta zura, ta miƙo mini allurar. "Ke kika san girmansa. Kada ki ja da ƙarfi, yadin zai tattare."

Ya fito a karkace, ya kuma fi na gaske girma. Haka na bar shi. Ranar da Baba ya saɓa babbar a kafaɗa ban fito ba, ina ɗaki ina shimfiɗa ƙaramar a ƙarƙashin ƙaramar taga.

Yanzu a kan tabarmar roba nake karatu. Tana da sanyi, ba ta ƙamshin kowa, kuma tarin asuba ya ragu, wannan ba zan musa ba. Sai dai jiya na ga Goggo tsaye a gaban tsofaffin littattafaina, ta shafa saman ɗaya da yatsa ta duba yatsan. Yau kuma na tsinci wasu 'yan gutsattsarin katako a aljihun rigar Baba, masu kusurwa huɗu, kamar ƙwayar ashana a kauri, an shafa wa bayansu fenti kala-kala, sak ƙananan littattafai.

Na tambayi Goggo na mene ne. Ta ce gwiwarta ce ke ciwo.