Matar Aro a Orlando

Tun daga Toledo har muka shiga jihar Florida, yayata Krystal ba ta bar ni na huta da tsiya ba. Ta cire takalmanta, ta miƙe ƙafa a gaban mota, tana jujjuya zoben da na saya mata a kantin kayan gwanjo.

"Da irin wannan ka auri Shelby? To ai dole ta gudu. Dubi yatsana, har ya fara kore."

"Yaya, don Allah. Yarinya tana jin ki."

"Barci take. Kuma ka daina ce mini Yaya, ka fara koyon masoyiya tun yanzu, kada gobe bakinka ya tona mu."

Na leƙa madubi. Raelynn, 'yata mai shekara bakwai, tana kwance a kujerar baya, rungume da jakar da ta shirya tun wata guda kafin tafiyar.

Bayan rabuwarmu da Shelby, alƙali ya ba ni mako guda cikakke da yarinyar a kowane hutun bazara. Ranar bikin haihuwarta, a gaban mutane, na yi mata alkawarin kai ta babban filin wasan nan na Orlando, mai jirgin da yake kifewa da mutane a sama. Kakarta ta wajen uwa tana yanka kek, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kada ki sa rai, 'yar nan. Alkawarin ubanki ɗiban ruwa da kwando ne." Raelynn ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Sai da na koma gida na duba farashi.

Tikiti da otal da abinci na kwana uku sun zarce abin da nake samu a wata a kantin maganin da nake aiki. Krystal ta ce mu ɗauki tanti mu tafi bakin tafki a Michigan, mako guda cur ba zai ci kuɗin yini ɗaya na filin wasan ba. Gaskiya ta faɗa, ni ma na gwada su gefe da gefe na gani. Amma ba tafki na ambata a gaban kakarta ba.

Ana cikin haka na ci karo da tayin wani kamfani mai sayar da mako. Mutum yakan sayi mako guda na kowace shekara a ɗayan gidajensu na hutu, ya yi ta biya har tsufa. Don su jawo masu saye, sukan ba da otal da araha da tikitin filin wasa kyauta, muddin ka zauna ka saurare su na awa ɗaya da rabi. Ba dole ka sayi komai ba. Na karanta sharuɗɗan sau da yawa, kamar yadda nake karanta takardar likita kafin na ba da magani. Tayin na ma'aurata ne, su zo tare, da katin shaida mai adireshi ɗaya. Wanda aka samu bai cika sharaɗi ba, ya rasa tikiti, kuma a cire cikakken kuɗin otal daga katin bankinsa.

Krystal ba ta taɓa aure ba, sunanta na ƙarshe har yanzu Haskell ne kamar nawa. Tun da na bar gidan Shelby kuwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta nake, don haka lasin tuƙinmu adireshi ɗaya yake ɗauke da shi. Kwana biyu na yi ina roƙonta kafin ta yarda.

Da safiyar ranar da za mu saurare su, a bakin ofishin kamfanin, na durƙusa na gyara wa Raelynn igiyar takalmi duk da ba ta kwance ba.

"Ki saurare ni. A cikin nan, na ɗan lokaci kaɗan, kada ki ce Gwaggo."

"To me zan ce mata?"

Ba zan iya ce mata ta kira ta Mama ba. "Kada ki ce komai. Ki yi shiru kawai. Da mun fito sai filin wasa."

Wata budurwa ta kai ta ɗakin yara, inda talabijin take ta ihu. Mu kuma aka haɗa mu da wani mai suna Garrett, dogo, mai fararen haƙora, wanda ya riƙe hannuna kamar mun yi makaranta tare. Ya zuba mana kofi, ya tura mana farantin donot.

"Colby da Krystal! Kun dace, wallahi, har kama kuke. A ina aka haɗu?"

Kofin ya kusa suɓuce mini.

"Tun yana fitsarin kwance na san shi," in ji Krystal.

Garrett ya bushe da dariya har da buga tebur. "Soyayyar ƙuruciya ke nan! Uwargida, ke ce mai riƙe da jakar gidan, na gane. Da ke zan yi magana."

"Jakar ba komai a ciki, ɗan'uwa. Donot muka zo ci."

Ya zagaya da mu a wata ƙaramar mota marar ƙofa. Ya nuna mana wurin iyo, da ɗaki mai gado uku, da baranda inda ake hango wutar wasan da filin yake harbawa sama. Ina ta duba agogo. Awa ɗaya da rabi ta cika muna kan baranda. Da muka koma tebur ya jawo farar takarda ya shiga zane. Ya rubuta abin da iyali suke kashewa a otal ɗin filin wasa in sun zo duk shekara, ya ja masa layi biyu. Ya rubuta nasu a gefe, ƙarami, wata-wata.

"Ko kuma mutum ya kafa tanti a bakin tafki," in ji Krystal.

"Tanti!" Ya dafe ƙirji. "Uwargida, sauro ma hutu yake zuwa yi a can. Wane yaro ne ya taɓa komawa makaranta yana alfahari da tanti?"

Na ce masa mun gode, ba mu da hali. Na riga na shirya wannan jimlar tun a gida, na maimaita ta a gaban madubi. Bai nuna ya ji ba. Ya ajiye biro, ya sassauta murya.

"Shekarun 'yarku nawa?"

"Bakwai."

"Saura bazara goma sha ɗaya ke nan ta bar gida. Daga nan sai ka roƙe ta ta ɗaga waya. Ba ni na ƙirƙiro ba, Colby, haka rayuwa take."

Shi bazara yake nufi, irin ta mutanen da 'ya'yansu suke kwana a gidansu. Ni kuwa abin da ya rage mini mako goma sha ɗaya ne, kuma ga na farko yana ƙonewa a wannan ɗaki mai sanyin na'ura. Krystal ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur da diddigenta.

"Mun ce a'a," ta ce. "A ba mu tikitinmu."

"Ai yanzu. Bari shugabata ta sa hannu."

Shugabar ta ɗauki lokaci kafin ta iso. Dattijuwa ce mai suna Loretta, da tabarau rataye a wuya, tana tafe a hankali. Ba ita kaɗai ta zo ba. Tana riƙe da hannun Raelynn.

"Na ga 'yar nan ta gaji da jira, na ce bari ta zo ta ga ɗakinta." Ta buɗe hoton ɗakin mai gado uku a gaban yarinyar. "Kin ga wannan? Babanki yana so, na gani a idonsa. Mamanki ce ta hana. Roƙe ta mana."

Raelynn ta dube ni. Ta matse leɓɓanta kamar yadda na ce ta yi.

"Kunya take ji? Haba 'yar kirki. Ce, Mama, don Allah."

Na ga haɓar yarinyar tana rawa. Da na san abin da zan ce da na ce, amma duk jimlolin da na tanada na Garrett ne, babu ko ɗaya ta wannan.

"Ce Mama mana," Loretta ta sake cewa, tana tura ta a hankali wajen Krystal.

"Mamana tana Toledo," in ji Raelynn, hawaye suka zubo. "Ban ce Gwaggo ba, Baba. Ban ce ba."

Garrett ya sunkuyar da kai yana gyara takardunsa. Loretta ba ta yi fushi ba, ko mamaki ba ta yi ba. Ta sa tabaranta, ta dubi Krystal, ta dube ni, ta ja kujera ta zauna.

"Yaya ce ko ƙanwa?"

"Yaya," in ji Krystal. Ta zare zoben ta ajiye kusa da donot.

"Hancin ne ya fara ba ni labari. Ba ku ne farau ba, jiya ma wani da maƙwabciyarsa ya zo." Ta juyo gare ni. "Yallaɓai, kai ka sa hannu a sharuɗɗan, ka san abin da suka ce. Tikiti babu. Otal kuma cikakken farashi, na kwana ukun."

Na roƙe ta. Ban taɓa roƙon wani mahaluƙi haka ba, ko alƙali ban roƙa haka ba. Na gaya mata maganar mako guda, da bikin haihuwa, da abin da kakar ta ce. Na ce mun zauna fiye da lokacin da suka nema, mun saurari komai. Na ce ta cire nawa da na Krystal, ta bar na yarinyar kaɗai. Tana saurare tana gyaɗa kai kamar ma'aikaciyar jinya.

"Ba a hannuna yake ba. Baƙo sai ya cika sharaɗi." Ta ɗan dakata. "Amma wanda ya sayi ɗaki a wurinmu ba baƙo ba ne. Ba ma tambayarsa wa ya aura. Akwai ɗan ƙarami, mako guda duk bayan shekara biyu. Ka ba da kafin alƙalami yau, tikitinku uku suna nan a aljihun tebur, otal ya tsaya yadda yake."

"Colby, tashi," in ji Krystal. "Tashi mu tafi. Teku yana nan gabas, awa ɗaya, ba mai karɓar ko kwabo. Ta yi wasa da yashi, ta ci askirim, ta manta."

"Ba za ta manta ba."

"To ta tuna! Kai ne uban farko da ya gaza? A ɗakin ƙasana kake kwana, ƙanena. Motarka ma ba ka gama biya ba."

Raelynn ta kama gefen rigata. "Baba, ni na ɓata?"

Da a ce ba ta yi wannan tambayar ba, wataƙila da na tashi. Na hango ta ranar Lahadi tana sauka daga motata a ƙofar gidan Shelby, ana tambayarta yaya filin wasa, ita kuma tana ganin bakinta ne ya hana ta shiga. Na san dokar jihar ta ba mai saye kwana goma ya janye ta hanyar aika wasiƙa. Ban san ko za su dawo su caje ni tikitin da otal ɗin in na janye ba. Amsar tana cikin takardun da Garrett ya riga ya ajiye a gabana, masu kauri kamar littafin makaranta, an manna 'yan jajayen alamu a duk inda zan sa hannu.

"Ba ki ɓata komai ba," na ce. "Gaskiya kika faɗa. Yanzu za mu tafi."

Krystal ta miƙe ta fita, ta bar ƙofa a buɗe. Na bi jajayen alamun ɗaya bayan ɗaya, ban karanta ko layi guda ba. Loretta ta karɓi katina. Garrett ya buga wata ƙararrawa da ke rataye a bango, sauran masu sayarwa suka tafa mini daga teburansu.

Rana ta take tsaka lokacin da muka isa filin. A rumfar karɓar kuɗin ajiye mota, yaron da ke ciki ya goga katina, ya sake gogawa, ya miƙo mini yana murmushin aiki.

"Ya ƙi, yallaɓai. Akwai wani?"

Motoci sun jeru a bayanmu. Krystal ta buɗe jakarta, ta zaro kuɗin da ta ware don man mota na komawa gida, ta miƙa ta gaban fuskata ba tare da ta kalle ni ba.

A bakin ƙofa na riƙe numfashi har sai da fitilar na'urar duba tikiti ta yi kore sau uku. Raelynn ta ƙwace hannunta ta ruga, ta tsaya tsakiyar hanya ta ɗaga kai, bakinta a buɗe. Jirgin ya wuce ta samanmu a kife, mutane suna ta kururuwa. Ta juyo tana tsalle.

"Baba, ɗauke ni hoto! Ka tura wa Kaka!"

Na ɗauka. Bai fito da kyau ba, sai da na sake.

Layin jirgin ya yi tsawo, yana lanƙwasa cikin rana. Krystal ta zauna can nesa a kan benci, ta juya mana baya. Da muka matso kusa da wata ma'aikaciya mai hular kaboyi, na sunkuya na tambaye ta a hankali ko akwai gidan waya a kusa, inda mutum zai aika wasiƙa mai rajista.

Ta yi ɗan tunani. Ta ce ba ta jin akwai, amma kantin da ke bayan wurin askirim yana sayar da katin gaisuwa masu kyau ƙwarai.