Motar da Ke Kallon Hanyar Madina

Tun da surukata Hajiya Zenabu ta sauke farali ta shigo Madina, ba ta ƙara kwana a wajen garin ba, shekara arba'in da bakwai cur. Ko Umra aka ce a tafi, sai ta ce ta yi nata tuntuni. Burinta ɗaya ne, kuma kowa a unguwarmu ta Bani Harisa ya san shi: ta cika a Madina, a kai ta maƙabartar Baƙi'a. Likkafaninta ma yana cikin wata koriyar jaka a ƙarƙashin gadonta, an wanke shi da Zamzam.

Ni kuwa Ummu Salma, da aka kawo daga Katsina aka aura wa ɗanta Ƙasimu, ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Saboda haka a shekarar 1997, da aka bugo waya aka ce takardar da 'yarmu Sundus ta cike a wani kanti a Anbariyya ta ci mana kwana uku kyauta a wani masauki na bakin teku kusa da Yanbu, na fara haɗa kaya kafin Ƙasimu ya ajiye wayar. Sharaɗinsu ɗaya ne, miji da mata su zauna awa biyu su saurari talla.

"Za mu ci, mu sha, mu saurare su," in ji Ƙasimu, "sannan mu ce Allah ya ba da kasuwa. Ko tsinke ba zan saya ba."

Sai dai Hajiya ba ta da kowa sai mu, kuma ba a barin mai ciwon suga ita kaɗai kwana uku. Ta ce ba inda za ta. Ba zan ɓoye ba, na ji haushinta ƙwarai. Kwana biyu ina ajiye mata abinci ba tare da na zauna hira ba, ita kuma tana kallona ta ƙasan ido.

A rana ta uku ta kira ɗanta a gabana. "Zan je, don kada yarinyar nan ta fasa mini kwanuka. Amma ka cika sayyara da mai, ka ajiye ta tana kallon hanyar Madina. Ko atishawa na yi wadda ba ka gane mata ba, yalla, ka ɗauke ni. Ka rantse."

Ƙasimu ya rantse. Muka tafi da koriyar jakar a kan cinyarta, awa uku tana jan carbi, Sundus da ƙaninta Sa'id suna faɗa da Larabci a baya.

Ban manta ƙamshin wurin ba, gishiri da gasasshen kifi da sabon fenti. Sa'id ya shiga ruwa da rigarsa. Ni na tsoma ƙafa da abayata, igiyar ruwa ta zo na zura da gudu, Ƙasimu ya yi ta dariya har ya zauna a yashi. Hajiya kuwa tana ɗaki, ta juya kujerarta ta ba wa taga baya. Daga inda take zaune tana hango motar ta ƙofa, kuma hakan ya ishe ta.

Washegari da safe aka kai mu ɗakin talla. Hajiya ta biyo mu, domin makullin mota yana aljihun Ƙasimu. Wani saurayi ɗan Masar mai kwat ya zaunar da mu, ya sa aka kawo lemo, ya buɗe littafin hotuna. Ya ce ba ɗaki za mu saya ba, mako ɗaya za mu saya, kowace shekara namu ne har shekara talatin, 'ya'yanmu ma su gada. Ƙasimu ya ce zai yi shawara. Saurayin ya rage farashi. Ƙasimu ya ce zai yi istihara. Saurayin ya kira manajansa, wani mai tumbi, shi ma ya faro bayanin daga tushe. Awa biyu ta zama huɗu, cikina yana ta ƙugi.

Can sai Hajiya ta taɓa hannun ɗanta. Tana jin Larabci sarai, amma ba ta yin sa da baƙo. "Tambaye shi, wannan ruwan shi ne wanda ake tsallakowa daga Sawakin?"

Saurayin ya ga kamar kasuwa ta buɗe. Ya jawo taswira ya ɗora yatsa a kan gaɓar Sudan, ya ja shi zuwa tamu. "Aywa ya Hajja, bahar ɗaya ne. Daga can har nan."

Muka fito ba mu sa hannu ba, Ƙasimu yana tafiya kamar wanda ya ci kokawa.

Bayan la'asar muka shiga tsohuwar kasuwar Yanbu. Na sayi busasshen kifi da lalle da wasu faranti masu zanen jirgin ruwa, biyu daga cikinsu suna nan har yau. Hajiya, wadda ko ashana sai ta yi ciniki, ta tsaya gaban wani mai kayan yara ta kwashe awarwaron roba ja da rawaya, ta ƙara da ledar alewa, ba ta nemi ragi ba.

"Hajiya, amarya za ki sake zama?" na tsokane ta.

"Riƙe mini," kawai ta ce.

Da muka koma masauki, rana ta yi sanyi, ba ta shiga ɗaki ba. Ta wuce motar, ta taka a hankali har bakin ruwa, ta zauna a yashi. Ta sa Sundus ta kira mata 'yan matan da ke wasa a wurin, 'ya'yan Larabawa da na 'yan Indiya. Kowacce ta saka mata awarwaro a hannu, ta ba ta alewa, tana cewa, "Sadaka ce, sadaka." Da suka watse sai ta dubi Ƙasimu.

"Na ce maka kana da yaya Halimatu, ta rasu a hanya. Ban taɓa gaya maka ina ba." Ta nuna ruwan da haɓa. "Shekararta huɗu. A Sawakin ta ga awarwaro a hannun wata yarinya ta yi ta kuka, na ce ta bari sai mun tsallaka. Kwananmu biyu a jirgin zazzaɓi ya ɗauke ta. Mai jirgi ya ce ba a ajiye gawa. Babanku ya yi mata salla, aka naɗe ta a mayafina, aka sa ta a ruwa. Ban leƙa ba. Tun ranar ban ƙara kallon bahar ba."

Kunya ta rufe ni, na tuna kwanukan da na yi ta dangwara mata. Ƙasimu ya sunkuyar da kai yana tona yashi da yatsa.

"Kowa yana da inda ake zuwa a yi masa addu'a," ta ce. "Babanku yana Baƙi'a. Ita ba wanda ya taɓa zuwa mata. Ka koma wurin yaron nan mai surutu ka sayi makon."

Ya saya. Makon tsakiyar Agusta muka samu, wanda ba mai so saboda zafi. Ɗan Masar ɗin har yau yana zaton iya bakinsa ne ya yi aiki.

Shekara shida muna zuwa. Kullum mota cike da mai tana kallon hanya, kullum koriyar jaka, kullum awarwaro daga wurin mutumin nan, har ya riƙa ware mata tun kafin mu iso. A shekarun nan ne muka zama ƙawaye ni da ita. Ta koya mini dafa kifi irin na mutanen Sudan, ni kuma na lallaɓa ta har ta tsoma ƙafa a ruwa. Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar lokacin ba.

A zuwa na bakwai, a 2003, ta tashi da safe numfashinta yana sarƙewa. Likitan masaukin ya duba ta, ya ja Ƙasimu gefe, na ga fuskarsa ta canja. Ƙasimu ya fita da gudu ya tada mota, ya dawo zai ɗauke ta.

"Ummi, awa uku ne. Wallahi zan kai ki a biyu."

Tana kwance a gadon da ta sa muka jawo mata kusa da taga tun zuwanmu na biyu. Ta dubi koriyar jakar da ke hannuna, ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya ga ruwan.

"Kashe motar, Ƙasimu."

"Na rantse miki, Ummi."

"Na yafe maka rantsuwar. Sau ɗaya na tafi na bar ta, ya isa."

Ya tsaya a bakin ƙofa da kuka, ya kasa motsi. Ni na fita na kashe motar. Kafin azahar Hajiya ta cika. A Yanbu aka binne ta, a cikin likkafaninta na Zamzam, a maƙabartar da iskar teku ke isa.

Makon yana nan. Masaukin ya tsufa, fentin ya ɓare, Sundus ce yanzu ke raba awarwaro tare da 'yarta. Duk shekara in mun isa, Ƙasimu yakan juya motar ta kalli hanyar Madina kafin ya kashe ta, ni kuma ban taɓa ce masa ya daina ba.