Waƙa ta Tara

Kunne ake ce masa a situdiyo, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Mutum ne da in ƙuda ya yi tari a bayan makirufo sai ya tsayar da aiki. Wata bakwai ya yi yana haɗa sautin albam ɗin matarsa, waƙoƙi tara, ita a cikin ɗakin gilashi tana rerawa, shi a gaban na'ura yana murɗe-murɗe. Ranar da aka gama, da la'asar, ya kira Dogo mai jita ya zo ya ji abin da hannu ya yi.

Dogo ya zauna yana saurare har aka kai waƙa ta biyar. Nan ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Kai dai, Kunne, kana da ƙarfin hali. Ni da matata ce ta rera wannan, wallahi ko ruwa ba zai wuce min ba."

"Ganga ce ta yi yawa?"

"Wace ganga kuma? Me take cewa a ciki?"

Kunne ya dubi na'ura. Ya san a minti na biyu muryarta tana ɗan shaƙewa. Ya san numfashi arba'in da uku ya yanke a waƙar nan kaɗai. Amma abin da take cewa, ko da wuƙa a wuya ba zai iya kawo baiti ɗaya ba. Haka masu sana'arsu suke, Allah ya shirye su, murya a wurinsu kayan kiɗa ce kawai, kamar jitar Dogo.

Dogo ya dube shi da tausayi, ya mayar da hularsa ya fita.

Kunne ya maido albam ɗin farko, ya janye hannunsa daga na'ura, ya saurara kamar kowa. Ta ɗaya a kan wani saurayi ce da ya ji wata tana ƙunƙunin waƙa a layin kantin magani, ya bi ta har titi. Ya yi murmushi, don shi ne. Ta uku a kan abincin da ke hucewa a tebur. Murmushin ya tafi. Ta biyar kuwa mace ce kwance a gadon asibiti, cikin wata huɗu ya zube, tana kallon ƙofa, mijin yana wurin aiki da waya a kashe.

Ya gane matarsa ce, shi ne mijin. Ya tuna ranar da suka ɗauki waƙar. Kuka ya ƙwace mata a tsakiyar baiti, shi kuma ya danna maɓalli ya ce ta cikin gilashi, "Madam, muryar ta karye, a sake." Sau goma sha ɗaya ya sa ta sake. Daga baya ya bi sheshsheƙar ɗaya bayan ɗaya ya goge, har yana yaba wa kansa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta barin mutum ya zauna.

A tsaye ya ji ta tara. Ba kiɗa sosai, muryarta ce kusan tsirara: na faɗa a ɗaki ba ka ji ba, na zo na faɗa a inda kake ji. In aka gama ba ka tambaye ni ba, zan bar maka makulli.

Sai ya tuna da safen nan, tana miƙa masa shayi, ta tambaye shi, "Ka saurari ta taran?"

"Na saurara," ya ce mata. "Tas take, ba ko ƙura."

"To," ta ce, ta ɗauke kofinta.

Ya ɗauko waya ya lalubo lambarta. Sai da ta kusa katsewa ta ɗauka.

"Na ji," ya ce. "Wallahi yanzu na ji."

"Me ka ji?"

Tana tambaya a hankali, ba faɗa a muryarta. Amma kunnen nan nasa, da bai taɓa barin komai ya wuce ba, ya riga ya tsallake ta ya kamo abin da ke bayanta: ƙugin babbar mota, ƙarar akwati ana turawa, da wani yana cewa fasinja su shiga, za a rufe ƙofa.