Fillancin Kyaftin

Ƙwallo goma sha ɗaya Yakura ke bin Joda. Tun da aka hura usur take jefa mata, ita ko sau ɗaya ba ta mayar ba. Joda ce kyaftin ɗin 'yan matan unguwar Dawaki a ƙwallon kwando. Yakura kuwa gudun hijira ya kawo ta daga Borno, ta shigo ƙungiyar watan da bam ya tashi a tasha.

"A caje jakarta tukuna," in ji Joda ranar farko. Daga nan ta koma ba da umarni da Fillanci, don kada baƙuwa ta ji. Zagin ma da Fillanci, ranar Talata har da uwar Yakura a ciki.

To yau ga 'yan garin Kwadon sun zo wasa, rabinsu da Fillancin suka tashi. Joda na cewa a bi hagu, kafin yaranta su motsa an tare hagun.

Koci Cornelius ya tsayar da wasa. "Ke kyaftin ce ko mai shela? Komai kika faɗa a kunnensu yake sauka. Ga yarinya can ita kaɗai ƙarƙashin kwando tun ɗazu."

"Ni ba na wasa da 'yan Boko, Koci."

"To in aka ci ku yau, ki sauka daga kyaftin. Na gama magana."

Saura daƙiƙa takwas, Kwadon na gaba da maki ɗaya. Ƙwallo na hannun Joda, mutum biyu suka rufe ta, hannuwa har hancinta. Ta duba Safiyyatu, a tsare. Nancy ma haka. Sai Yakura can gefe, ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kira ba.

Joda ta cije leɓe ta wurga mata, kamar mai jifan ɓarawo. Yakura ta cafe, ta zura.

Fili ya ɗauki ihu. Joda ta matso tana miƙa hannu da ƙyar. "Kin dai yi sa'a."

Yakura ta dubi hannun, ta share zufa da gefen hijabinta. Sannan ta amsa da Fillanci tsantsa, irin na ruga, wanda Joda 'yar birni sai da ta kasa kunne.

"Uwata Bafulatana ce. A hanya suka kashe ta muna gudu. Abin da kika faɗa a kanta ranar Talata, maimaita shi yanzu. Da Hausa, kowa ya ji."

'Yan Kwadon da suka kama hanyar fita suka tsaya, suka juyo. Hannun Joda na nan a miƙe.