Tuwon Inna Larai a Gindin Gawo

Jirginmu ya sauka Sakkwato da hantsi, ni da Baba da jaka biyu, ɗaya ta tufafi ɗaya ta magani. Ta maganin ta fi nauyi. Wata uku ke nan da aka yi wa Baba aiki a ciki a Abuja, inda nake aikin jinya. Aiki ya yi kyau, ɗinki ya kame, likita har yana yabon hannunsa. Abu ɗaya ya gagara: Baba ya ƙi cin abinci. Da shayi da kunu yake rayuwa, su ma kurɓi biyu ya ture kofi. Ranar da za mu taso likitan ya ja ni gefe ya ce ya ba mu mako guda. In Malam Attahiru, wato Baba, ya je gida bai soma ci ba, in maido shi a sa masa roba ta hanci. Shi kuwa Baba ya riga ya faɗa, cikin sanyin murya, cewa in ya taka ƙasar Goronyo babu mai sake ɗaga shi sai masu makara.

Ni ce 'yar farinsa, don haka bai taɓa kama sunana ba. Raihana na mutanen waje ne, a bakinsa "ke wagga" nake tun ina rarrafe. Ba ya yi mini wasa, ba ya ɗaukata a gaban mutane. Wuri ɗaya nake gane ina ransa: in an fito da akushinsa daga zaure, nakan tarar da loma guda a gefe da ɗan kifi a kanta, kowa a gidan kuma ya san ta wace ce. Da wannan kunyar na girma, da ita na yi jinyarsa. Babu abin da ban dafa ba a wata ukun nan. In jera a tire, in kai masa ɗakin baƙi, in durƙusa in ajiye, in ja masa ƙofa in fita yadda aka koya mini. Bayan awa guda in tarar da tiren yadda na bar shi, sai ɗan gefe da ya taɓa don kada in ji haushi. Ina jin haushin kuwa. Ni da nake lallashin iyayen wasu su ci a asibiti, nawa ya fi ƙarfina.

Bilyaminu ne ya zo ɗaukarmu, ɗan Gwaggo, taubashina, ɗan kasuwar albasa mai tumbi da surutu. Motarsa ta sha albasa har kujerun sun riƙe warin. Da ya ga yadda wuyan Baba ke yawo cikin babbar riga sai surutun ya ɗauke. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya juyo kaina don ya ɓoye idonsa.

"Malamar asibiti, ashe ba ku da cimaka can birnin naku?"

Akwai ƙwayar da Baba zai sha da azahar, kuma ba a shanta da wofin ciki. Na sa ya tsaya a wani gidan abinci cikin gari, mai ƙofar gilashi da masu hidima cikin fararen kaya. Baba ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon fararen kayan.

"Nan ma asibiti ta?"

"Kawu, wanga wuri in kas sha ruwa kaɗai sai ka saida buhun albasa," in ji Bilyaminu. "Ku bar ni da hanya. Akwai tuwo mai araha gaba, in mun yi sa'a."

Muka bar gari muka ɗauki hanyar Goronyo. Bazara ce, rana ta kwanta a kan kwalta. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, sai hanyar ta soma narke mini a ido. Can gaba ruwa ya malala a kan titi yana sheƙi, in mun iso ya janye ya koma gaba. Wasu shanu suka ratsa ta cikinsa, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Na ga wata mata da ƙwarya a ka tana tafe a kan ruwan nan hankali kwance, na lumshe ido na buɗe, babu ita. Ƙarar injin ta koma can nesa. Na rasa ko a motar nake ko a zauren gidanmu ina leƙen akushi.

"Ke wagga," Baba ya ce daga baya. "Kashe sanyin ga. Wata ukku ban ji ƙamshin komi ba."

Bilyaminu ya sauke gilasai. Iska mai zafi ta shigo da ƙamshin fadama, da na tafarnuwa da aka shanya, da hayaƙin kara. Baba ya jingina kai ya rufe ido. Jim kaɗan na ji yana magana ƙasa-ƙasa.

"Sa'adu, matso mana. Ya huce."

Gabana ya faɗi. Baba Sa'adu amininsa ne, shekara arba'in suna cin abincin rana tare a zaurenmu, kuma ya rasu da daminar bara, kafin ciwon Baba ya tashi. Na miƙa hannu na taɓa goshinsa, babu zazzaɓi. Na ce a raina yunwa ce ta soma taɓa masa kai, na duba agogo.

Bilyaminu yana da nasa ilimin neman abinci, kuma ba ya barin mutum ya huta da jinsa. Muka wuce wata rumfa da manyan motoci suka yi layi, ya ce a'a, tuwon direbobi ne, barkono ya fi miya yawa. Muka wuce wata mai allo da hoton kaza, ya ce kuɗin allon a kwanonka za a cire. Na ce masa in ya bari azahar ta wuce zan cusa masa albasar motarsa ɗanya.

"Ke dai dibi inda raƙuma sunka durƙusa," ya ce. "Mai raƙumi ba ya ɓata guzuri nai wurin banza, kuma ba ya tsayawa inda babu inuwa."

Mun wuce Achida, wajen Dinawa, sai Baba ya buɗe ido. Hancinsa ne ya riga mu gani.

"Batso," ya ce.

Daddawar 'ya'yan sure ke nan, wadda warinta ke korar baƙo ya kira ɗan gida. Bilyaminu ya taka birki. Ga su kuwa a gefen hanya, raƙuma uku a durƙushe da buhunan albasa, suna tuƙa suna kallon duniya a raine. Bayansu wani ƙaton gawo ne, kore shar a tsakiyar bazara, inuwarsa ta sauka kamar an shimfiɗa zane. Babu allo, babu tebur. Murhu biyu ne da tukwane, da tabarmi, da wata tsohuwa a kan kujera 'yar tsugune tana kwasar tuwo da mara. Balbelu sun cika reshen sama, fari fat, ko motsi ba sa yi.

Inna Larai sunanta, haka na ji maza na kiranta. Tuwon shinkafar Wurno take yi da miyar sure da busasshen kifin Rima. Da ta faɗi kuɗin sai da na sake tambaya, na ɗauka ban ji daidai ba. Na fito da farantina da cokali daga jaka, na ɗauraye su da ruwan roba, ita tana kallona. Ta zuba, ta ƙara gyara. Na kai wa Baba mota, na ajiye a kujera kusa da shi, na rusuna, na tura ƙofa a hankali. Na zaga bayan motar na juya baya na tsaya, ina addu'a. Wannan karon ai miyar gida ce, shi da kansa ya kira sunanta.

Na ba shi lokaci mai tsawo. Da na buɗe ƙofar, tuwon na nan da shatin mara a jikinsa, miyar ta soma yin fata. Baba na kallon waje ta taga. Kuka ya taso mini. Na riga na ga robar a hancinsa, na ga kuma ba zai yarda a sa ta ba. Na ɗauki farantin na koma gindin gawo, ban ma san me ya kai ni ba.

Inna Larai ta dubi farantin, ta dube ni. Ta ajiye mara.

"Ɗiyata, mi yas samu tuwona? Shekara talatin nika tuƙi nan, ba a taɓa maido min shi da rai ba."

Na ce ba laifin tuwonta ba ne, mahaifina ne ba shi da lafiya, wata uku ba ya ci.

"Shi da wa ka ci?"

"Shi kaɗai, Inna."

"Can inda kunka hito hwa?"

"Shi kaɗai. Nakan kai mishi ɗaki in ba shi wuri."

Ta riƙe haɓa. Ta dubi motar da ƙofofinta a rufe, ta sake dubana daga sama har ƙasa, da takalmina da agogona.

"Kin ɗauki dattijo kin ruhe shi da tuwo awa wanda anka yi ma horo? Ke da kinka yi karatu?"

Raina ya ɓaci, na buɗe baki in ce mata ladabi ne, haka aka raine ni. Ba ta jira ba. Ta juye farantina cikin wani babban akushi baƙi, ta ƙara malmala uku a kai, ta kwarara miya mai zafi. Ta ɗaga murya wajen tabarmar da masu raƙuma ke zaune.

"Mainasara! Ga baƙo can cikin mota."

Wani dogon tsoho mai rawani ya miƙe, ƙafafunsa duk faso. Bai tambayi ko wane ne ba. Ya je ya buɗe ƙofar motar kamar ta gidansa, ya yi sallama.

"Malam, bismilla. Akushi ya yi muna yawa, hito ka kama muna."

Ina tsaye ina jiran Baba ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi, yadda yake ce mini. Sai na ga ƙafarsa ta sauko tana laluben takalmi. Bilyaminu ya tallafe shi har tabarma. Mazan suka muskuta suka buɗe masa wuri ba tare da sun katse hirarsu ba. Aka miƙo buta, ya wanke hannu. Hannaye huɗu suka shiga akushi, na biyar, siriri, ya tsaya a baki.

"Albasa ta yi kuɗi bana kasuwar Gandi?" Baba ya tambaya.

"Ina hwa! Ta hwaɗi warwas," in ji Mainasara, ya turo masa tsokar kifi gabansa da yatsa, idonsa na wani wuri.

Baba ya yanki loma. Ya murza ta, ya dangwala, ya kai baki. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake yankar wata yana musu da su a kan irin albasar da ta fi jure ajiya. Babu wanda ya ce masa ci, babu wanda ya ƙirga masa loma sai ni daga bayan tukwane, har na kai tara na bari saboda idona ya cika. Iska ta kaɗa gawon, inuwa ta yi ta yawo a kan rawunansu. Daga inda nake, da hawaye a ido, sai na ga kamar su shida ne a tabarmar, ba biyar ba.

Bilyaminu ya zo ya tsaya kusa da ni. Wannan karon babu tsokana a bakinsa.

"Tun da nika, ban taɓa ganin Kawu ya sa hannu akushi shi ɗaya ba," ya ce. "Ni ma ban tuna ba sai yanzu."

Kunya ta kama ni, ba irin wadda aka koya mini ba. Wata uku ina canza miya, ina canza tire, ina zargin gishiri da magani, alhali ni ce ke ja masa ƙofa sau uku a rana in koma kicin in ci nawa a tsaye. Bango ɗaya ne tsakaninmu, kowa da farantinsa yana hucewa. Inna Larai ta miƙo mini moɗar ruwa ba ta dube ni ba, ta ci gaba da kwasar tuwonta.

Da suka gama na kai masa ƙwayar, ya haɗiye ba gardama. Masu raƙuma suka tashi yin alwala. Na sunkuya zan ɗauke akushin in mayar wa mai shi, sai Baba ya dafe bakinsa da hannu.

"Ke wagga. Amshi."

Na duba ciki. An sharce ko'ina tas, sai gefen da ya zauna. Loma guda ce a wurin, an murza ta da kyau, da ɗan kifi a kanta.

Na zauna a ƙasa da kayan Abujan nawa, a gefen tabarma, na sa hannu. Ya kau da kai wajen raƙuma yadda ya saba, kamar bai san ina wurin ba. Sai da na haɗiye ya yi magana, har yanzu bai dube ni ba.

"In mun isa gida, in kin kawo cimaka, ki bar jan ƙohwa."